Shara a kunnen ɗalibi: abin da ya kamata ku sani kan fodkas a azuzuwan Maraɗi

Fodkas shiri ne na murya irin na rediyo, sai dai shi ba ya da ƙayyadadden lokaci. Ana naɗarsa a ajiye a waya ko a intanet, mai so ya saurara sa'ad da ya ga dama, ya tsayar, ya koma baya, ya tura wa wani. Duk wanda ya taɓa samun wa'azi ta WhatsApp, ko aka zuba masa waƙoƙi a katin waya a rumfar masu caji, ya riga ya san yadda abin yake tafiya. Abin da fodkas ya ƙara shi ne tsari: a ɗauki magana guda, a nemo waɗanda suka san ta, a jera muryoyinsu yadda mai sauraro zai iya bi, a riƙa fitarwa kashi-kashi.

A ƙasashen da makarantu suka wadata, fodkas ƙari ne a kan littafi da kwamfuta da majigi. A Maraɗi lissafin daban ne. Akwai azuzuwan da yara uku ko huɗu ke leƙen littafi ɗaya, akwai waɗanda ko wayar lantarki ba a ja musu ba. Gobarar watan Nuwamba 2021, wadda ta cinye azuzuwan zana a wata firamare ta birnin ta halaka yara fiye da 20, ta tuna wa kowa irin rumfunan da ake karatu a cikinsu. A irin wannan aji, kayan aikin da zai shiga aljihun mushe, wato malamin aji, ya fi komai amfani. Waya ɗaya da ƴar lasifika mai Bluetooth sun isa aji ya cika da murya har layin baya. Shirin minti 10 bai wuce megabayit 5 ba idan magana ce zalla, kuma da zarar an sauke shi ba a ƙara bukatar intanet.

Koyarwa ta kunne ba baƙuwa ba ce a Nijar. A 1962, shekara biyu bayan samun ƴancin kai, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Mutanen gari kan taru su saurari shiri a kan noma ko kiwon lafiya, su tattauna, mai jagorantar zaman, wanda sau da yawa malamin makaranta ne, ya naɗi abin da suka faɗa ya aika Yamai a saka shi cikin shiri na gaba. Mai sauraro shi ne kuma mai magana. A 1964 aka fara gwajin talabijin ɗin makaranta. Tun 2016 Studio Kalangou ke haɗa shirye-shirye da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasa, gidajen rediyo su watsa, a kuma ajiye su a intanet. Sabon abin a yau shi ne arhar na'ura: aikin da a da sai da rakoda mai nauyi da kaset, yanzu wayar da ke hannun madam tana yin sa. Ga shi kuma tun watan Maris 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, saboda haka malamin da ya shigo da muryar Bahaushe cikin darasi bai yi wani abin jin kunya ba.

Tambayar ita ce me za a kunna wa yaran. Intanet cike take da shirye-shirye kan muhalli, yawancinsu da Faransanci ko Turanci, kan ƙanƙarar da ke narkewa da robar da ta cika teku, abubuwan da ɗan unguwar Bagalam ko ta Mokoyo bai taɓa sa ido a kansu ba. Kuma yaron Maraɗi ba ya bukatar wata murya daga nesa ta gaya masa shara ba ta da kyau. Tun kafin a sa shi lakwal ya ji cewa tsafta cikon addini ce, kuma shi ake ɗora wa bokitin shara da safe ya kai bola. Abin da bai sani ba shi ne inda sharar take nufa bayan ya juye ta, da hanyar da take bi ta dawo masa gida. A ganina, shirin da ya fi amfani a aji shi ne wanda ɗaliban suka naɗa da kansu, a unguwarsu, da bakin mutanen da suke gaisawa da su kullum. Sauraron na wasu share fage ne kawai, don su ji yadda ake yin tambaya da yadda ake jera amsa.

A ɗauki baƙar leda. Tana fitowa daga hannun mai ƙosai ko mai tumatir, ta yi aikin minti biyar, a yar da ita. Daga nan hanyoyinta ba su da yawa, kuma a bakin kowace hanya akwai mutumin da zai iya ba da labarinta.

Wata tana ƙarewa a cikin akuya. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje saboda kyan fatarta da yawan haihuwar tagwaye, kuma tun 1963 akwai cibiyar kiwonta a birnin. Akuyar cikin gari a bola take kiwo, ledar da ke da ɗanɗanon mai ko gishiri kuwa ba ta barin ta. Leda ba ta narkewa a tumbi, sai ta dunƙule ta tare wuri, dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani. Ba sai an nemo likitan dabbobi daga Yamai ya yi wannan bayani ba. Duk mahaucin da ke feɗe dabba a mahauta ya sha ciro dunƙulen leda daga tumbi, kuma minti biyu na muryarsa yana kwatanta girmanta da warinta za su zauna a kan yaro fiye da shafi guda na rubutu a allo.

Wata kuma tana faɗawa magudanar ruwa. A nan tarihin garin ke shigowa. Tsohon Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta rushe shi aka hau da garin kan tudu. Ke nan duk ruwan da ya sauka a birnin gangara yake nema zuwa Gulbin Maraɗi, kuma idan yashi da leda suka toshe masa hanya sai ya yi wa kansa wata, ta cikin gidaje da tituna, yana yanka kwazazzabo. A ƙarshen watan Agusta 2024 ruwan sama na kusan milimita 150 ya sauka a birnin cikin ɗan lokaci, gidaje suka rushe, aƙalla mutum 15 suka rasu. Adalci shi ne a faɗa wa yara cewa ba leda ce ta kawo wannan ruwa ba, kuma ruwa irin wannan ko magudana a share take yana iya fin ƙarfinta. Amma su tambayi wanda ke zaune a bakin lambatu yadda ruwa ke gudu a shekarar da aka yashe shi da shekarar da ba a yashe ba. A wannan kashi ne malami zai gyara wata fahimta da har manya ke riƙe da ita: sauron da ke ƙyanƙyashewa a baƙin ruwan lambatu yawanci mai hana barci ne, shi kuwa mai kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rami ko a sawun mota, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya zuwa biyu ne. Haɗarin ƙazamin ruwa ya fi yawa ta wajen abin da ake sha da abin da ake ci. Kwalarar 2018 a gundumar Madarunfa ta ɓulla cikin watan Yuli, kuma kafin ta lafa ta kama mutum fiye da 3,000, mafi yawansu a jihar Maraɗi.

Hanya ta uku wuta ce. Idan bola ta cika sai a cinna mata ashana, a ga kamar an huta. Hayaƙin roba da tsohuwar taya da batir yana ɗauke da ƙura mai shiga can cikin huhu da sinadarai masu guba, kuma wanda ya fi shaƙar sa shi ne yaron da ke wasa kusa da mai goyo da ke girki a gidan da iska ta nufa. Ma'aikaciyar jinya ta asibitin unguwa za ta iya bayyana wannan da Hausar da kowa zai gane.

Akwai doka. Ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63 da ta haramta ƙera siririyar leda da shigo da ita da sayar da ita da amfani da ita. Wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi ya san matsayin dokar a yau. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma can hanin ya kama sosai. Wannan tambaya ce mai kyau ga ɗaliban kolej da lise: me ya sa ta kama a can ba ta kama a nan ba? Su je wurin mai sayar da leda a sari su ji daga ina take zuwa, nawa ce ƙulli, su je wurin mai abinci su ji da me za ta ƙunsa wa mai saye idan babu ita. Za su dawo da amsar da ba ta cikin littafi, kuma za su fahimci cewa wa'azi kaɗai ba ya korar abin da ya fi komai arha.

Daga birni a gangara kudu zuwa Jiratawa, sai maganar ta juye. A can, inda aka shimfiɗa filin noman rani na kadada wajen 500 tun farkon shekarun 1980, ana jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse ana noman zogale da albasa da tattasai da alkama, abin da ɗan birni ke kira shara wani ɓangarensa taki ne. Malami na iya fara wannan kashi da awo: a kawo sharar gida ɗaya ta yini guda, a baza ta a kan buhu, a ware ta da sanda, a auna kowane kashi, ɗalibi ɗaya yana faɗa wa waya abin da ake gani. Yara kan yi mamakin yadda yashin tsakar gida da toka da kashin awaki da ɓawon kayan miya suka fi leda nauyi nesa ba kusa ba. Manoman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa jakuna da amalanke ke kwasar juji zuwa gona tun kaka da kakanni. Wani masani ɗan Japan daga jami'ar Kyoto, Shuichi Oyama, ya kwashe shekaru a yankin Dogon Dutse yana gwada zuba sharar gari a kan faƙo don ciyawa ta dawo, kuma a wurin manoma Hausawa ya ga dabarar. Matsalar ita ce jujin yau ba na jiya ba ne. Yana zuwa da leda da fasasshiyar kwalba da mataccen batir, manomi ya zuba taki ya kwashi aikin tsince. Ɗalibin da ya ji wannan ƙorafi daga bakin mai lambu zai gane dalilin raba shara tun daga gida ba tare da an sa shi haddar wata ƙa'ida ba.

A Jiratawa ɗin akwai wata sharar da birni bai cika sani ba: kwalabe da jarkokin maganin feshi. Shawarar masana aikin gona ita ce a ɗauraye su sau uku a juye ruwan cikin tankin feshin, sannan a huda su don kada wani ya zuba ruwan sha ko man girki. Idan ƴaƴan manoma suka yi shirin minti biyar kan wannan, aka ji shi a wayoyin iyayensu, ya biya wahalarsa.

Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, tana da darasi mafi nauyi, kuma ba na shara ba ne. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000, ruwan famfon garin yana fitowa ne daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi da sinadarin fulorayid ɗinta ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, wato miligiram 1.5 a lita, sau uku ko fiye. Haƙoran dubban yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwa suka lanƙwashe. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun fitar da rahoto a kai a 2002. Ruwan garau yake a ido, ba wari, ba wanda ya zuba masa wani abu, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa sinadarin yake. Abin da ɗalibi zai koya a nan shi ne ido ba ya tantance ruwa, sai gwaji, kuma jama'a suna da haƙƙin tambayar ko an gwada. Sai dai yaran wancan lokaci manya ne yanzu, suna nan cikin gari da iyalansu. Ba a tura ɗalibai su kafa musu waya a baki. A nemi ma'aikacin lafiya ko dattijon da ya yarda ya ba da labarin, ba tare da kiran sunan kowa ba.

Yadda ake haɗa shirin ba shi da wuya. A raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni da tambaya ɗaya tak, wadda za a iya amsa ta a unguwa. A rubuta tambayoyin a aji tukuna, malami ya duba, domin a nan rabin karatun yake: yaron da ya rubuta “Shara tana da kyau?” zai samu “A'a” ya dawo hannu wofi, wanda ya rubuta “Baba, me kuke samu a tumbin akuya idan kun feɗe?” zai dawo da labari. A koya musu sallama da gaisuwa da neman izini kafin a danna naɗi, su faɗi ko su wane ne da inda muryar za ta je. Waya ta tsaya kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, a juya wa iska baya, musamman lokacin hunturu, a nisanci injin niƙa da bakin titi. A ɗauki sautin wurin ma na ɗan lokaci, kukan awaki ko ƙarar famfo, shi ke sa mai sauraro ya ji kamar yana can. Wajen yanka da haɗawa akwai manhajoji na kyauta, irin su Audacity ga mai kwamfuta, amma ko babu su ana iya naɗar gabatarwa da hira da sharhi daban-daban a kunna su bi da bi. Minti biyar zuwa takwas ya isa. Abin da ya wuce haka, layin baya ya fara tsokanar juna.

Wani zai ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a kunna shiri a naɗe hannu. Kafin a fara, a rubuta tambaya biyu a allo waɗanda amsarsu ke cikin shirin. A tsakiya a tsayar a ce wa yara su faɗi abin da suke zaton zai biyo baya. Bayan an gama su zana hanyar ledar daga kasuwa zuwa gulbi, ko su lissafa ledar da gida ɗaya ke yarwa a wata idan kullum goma ce, ko su rubuta taƙaitaccen bayani da Faransanci, tunda da shi za su zauna jarrabawa. Da haka darasi ɗaya ya taɓa kimiyya da lissafi da harshe, ba a ci lokacin manhaja a banza ba. Akwai kuma wata riba da ba a cika lura da ita ba. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, saboda tsoron kuskuren Faransanci, sau da yawa ita ce ta fi kowa iya jan tsohuwa da hira.

Inda za a yi hattara shi ne kada shirin ya zama bulala a hannun yara. Matar da ke zuba shara a kwazazzabo ba jahilci ne ya kai ta ba. Idan babu mai zuwa ɗauka, ko kuɗin mai amalanke ya gagara, ina za ta kai? Birnin da ƙidayar 2012 ta ba shi mutum kusan 267,000 ya ci gaba da faɗaɗa fiye da yadda aikin kwashe shara ke iya bi. Saboda haka cikin waɗanda za a yi hira da su a sa jami'in tsafta na ma'aikatar magajin gari, a tambaye shi cikin ladabi motoci nawa ke aiki da inda ake kai abin da aka kwasa. A sa ƴan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe da roba, domin su ne ke yin aikin sake sarrafa shara tun kafin a ba shi suna a takarda. Malaman sashen noma da muhalli na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ma suna nan cikin gari, ana iya roƙon ɗaya ya saurari shirin kafin a fitar, kada a yaɗa kuskure da muryar yara. Kuma ba a sa ɗalibi ya tona bola da hannu, ba a fita da su ba tare da sanin darakta da iyaye ba, ba a sa cikakken sunan yaro a abin da zai yawo a WhatsApp.

Shirin da aka gama kada ya mutu a wayar mushe. A kunna shi a taron iyayen yara, a tura wa ajin wata makaranta, na Tibiri su ji na Jiratawa, na Jiratawa su ji na unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a cikin Maraɗi. Gidajen rediyon gari irin su Anfani da Garkuwa ƙofa ce da za a iya ƙwanƙwasawa. A rubuta wa kowane shiri kwanan wata da sunan unguwa a adana shi a kati na daban, domin ajin baɗi zai iya komawa bakin wannan magudanar da tambayoyin bana, ya ji ko an yashe ta.